Kwanson da Ban Shanya Ba

Kai mai jar riga, aje wayar nan haka nan. Tun ɗazu ina jin ka kana nuna wa abokanka bidiyo, wai wani can ƙasar waje ya narka tagulla ya zuba, kafin a ƙifta ido zobe ya fito, kana cewa ashe ɗan abin da Shaibu ke yi ke nan shina ɗaga wa mutane hanci. Na ji ka sarai. Kunne ɗaya ne ya mutu mini, ɗayan ko sauro ya yi gulmata sai na ji. Ku zauna bisa bencin can, ku ja ƙafafunku daga gawayi, in ba ku labarin yadda kunnen ya mutu. In na gama, wanda ke ganin sana'ar ga wasa ce ya faɗa mini a gaban idona.

Ni maƙerin fari ne. Maƙerin baƙi shi ke bugun ƙarfe, ya yi muku hauya da gatari. Mu namu tagulla ce da azurfa: mundaye, zobba, awarwaro, ƙararrawar raƙumi. Ba gado na yi ba. Ubana manomi ne a Tajaye, wata shekara gero ya ƙi, ya kamo hannuna ya kawo ni nan Konni wurin Baba Arzika, ɗan garinmu mai maƙera bayan kasuwa. Ya ce mishi, "Ga amana, Arzika. Ci gare shi, amma ba shi da ƙyuya." Baba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Cin na gani. Sauran sai mun gwada."

Aikin farko da anka ba ni zuga-zugi ne. Fatar akuya biyu, ɗaya a kowane hannu, ka danna wagga ka saki waccan, kada iska ta yanke. Shekara uku ina wanga aiki ban taɓa masaba ba. In na miƙa hannu wurin awartaki, sai in ji magagari bisa ƙoƙon kaina, ƙwas! Baba ba shi faɗa, ba shi zagi, da kayan aiki yake magana. Daga ƙarar wuta yake sanin na fara gyangyaɗi, ko da ya ba ni baya. Ku yanzu kun samu fanka mai batir, kuna danna abu ɗaya iska ta taso, har kuna kukan zafi.

Munduwar farko da anka yarda na taɓa ta wata Hajiya ce daga Malbaza. Ta zo da ita a ƙulle cikin gyale, ta kakarta ce, ta ce munduwar ta tsuke, ba ta shiga hannunta. Ni da ƙuruciya sai na ce, "Hajiya, ai tagulla ba ta tsukewa, hannun ne ya..." Ban ƙarasa ba magagari ya sauka. Baba ya karɓi munduwar ya juya ta ya ce, "Gaskiyarki, Hajiya, tsohuwar tagulla haka take yi in ta ji damina." Ya buɗa ta kaɗan, ta sa, ta tafi tana sa albarka. Shekara ashirin matar nan tana kawo muna aiki, kuma duk shekara biyu munduwar sai ta ƙara tsukewa. Ranar na san rabin sana'a a baki take.

To, ina muke samun tagullar? Ba ta tsira a gona. Tsofaffin kawunan famfo, matattun kwaduna, tarkacen mota, yawanci daga Nijeriya ake tsallako da su. Sai kuma wanda ya fi duka kyau: kwanso. Ɓawon harsashi ke nan, bayan an harba, abin ciki ya tafi, ya bar ɗan gwangwanin tagulla wayam. In soji da jandarma sunka yi koyon harbi a filinsu, sai a tsince kwanson a tara cikin buhu. Ba a ba kowa shi. Baba Arzika ke da takarda mai hatimi wadda ta ce an yarda ya karɓa ya narka. Sunanshi ne a kai. Cikin leda take, ledar cikin gwangwanin madara, gwangwanin cikin rami ƙarƙashin uwar maƙera. Duk garin nan in ka ce mai maƙerar bayan kasuwa, ana nufin mai sunan da ke bisa takardar nan, ko wa ke riƙe da masaba.

Buhun kwanso in ya iso, ba wuta ake fara hurawa ba. Zama ake yi a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ka leƙa bakinshi, ka dubi gindinshi. Wanda anka harba da ɗan tabo a gindi. In ka ga wanda babu tabo, kada ka yi mishi wayo, ka aje gefe ka mayar wa masu shi. Sai ka bi da mayen ƙarfe, wanda munka ciro daga tsohuwar rediyo, ya tsamo maka na ƙarfe masu shigar tagulla. Na ƙaramar bindiga, irin wadda manya ke ratayawa a ƙugu, su sunka fi ɗan karen fitina, don ƙarami shina shigewa cikin babba ya lafe, sai ka zaro shi da tsinke. Daga nan a jiƙa cikin ruwan tsamiya, a cuɗa da toka, a ɗauraye sau uku, kowane da Bismilla. Sannan a jera su bisa faranti, baki ƙasa, manya gefe ƙanana gefe, a kai bisa rufi. Kwana bakwai a rana. Ba shida ba.

Na taɓa tambayar Baba dalili. Ya ce dalili biyu ne. Na ɗaya, ƙasa da baƙin hayaƙin da ke ciki in sunka shiga narki, aiki shina fitowa da ƙuraje. Na biyu, abin da anka ƙera don kisa ba a sa shi a hannun amarya sai an wanke shi. Na ce, "To kwana bakwan fa, Baba? Ranar Konni ai ko kifi ta busar da shi a wuni ɗaya." Ya ɗauki magagari. Na ce na gane.

Da gwiwoyi sunka fara gardama, Baba ya koma Tajaye ya zauna cikin jikokinshi. Ya bar mini maƙera, ya bar mini masabarshi, ya bar mini abokan ciniki. Takarda ma ya bar ta a raminta, amma da sunanshi. Shekara goma sha ɗaya ina narkawa ina zubawa, na yi aure, na haifi ɗiya huɗu, furfura ta fara leƙowa a gemu, amma in na je karɓar kwanso sai a ce, "Yaron Arzika ya zo." Abin shina ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba. Duk Salla sai in hau mota in kai mishi goro da sukari, mu gaisa, in karkato da zance in ce, "Baba, takardar nan fa ta tsufa, an ce ana sabunta su." Sai ya ce, "Haka ne. Ya geron wajenku?" Ni da ba ni da gona a Konni ko ta shimfiɗa tabarma.

Sai ga mummunar shekara. An rufe iyaka, tarkace ya daina tsallakowa. Mata kuma sunka gano wasu awarwaro na kanti, masu walƙiya mako biyu sannan su mayar da hannu kore, amma arha gare su. Maƙera uku anka rufe a layinmu, ɗaya ya koma kabu-kabu, har yau shina faɗuwa da mutane. Ni kwanso kaɗai ya riƙe ni. In babu takardar nan, babu tuwo a gidana, iyakar maganar ke nan.

Cikin wanga hali, ƙarshen damina, Mushe Salifu ya zo, Mushe irin na Faransanci da muke ce wa malaman boko. Darektan lakwal ne, shugaban makarantar boko ke nan, na wani ƙauye wajen Illela, ɗan siriri, da tabarau da biro uku a aljihu. Wani tsohon ƙarfen ƙafar mota suke bugawa su kira ɗiyan lakwal, sai anka wayi gari ƴan jari-bola sun yi gaba da shi. Iyayen yara sunka haɗa hannu sunka ce a ƙera ƙararrawa ta gaske, wadda za a ji har gonaki. Aiki mai tsoka, irin wanda ban gani ba tun farkon shekara. Amma an kusa komawa lakwal, kuma wani babba zai zo duba su ranar buɗewa. Mushe ya ce kwana biyar ya ba ni.

Na ce, "Mushe, shanya kaɗai kwana bakwai ce."

Ya ce, "Shanyar mi? Tuwo ne? Ƙarfe ne fa! Ni na karanta kimiyya, Malam Shaibu. Wuta in ta ga ruwa korar shi take yi. Wanga duk al'adar tsofaffi ce."

Ni kuwa ga yunwa, ga mai tabarau ya kira ni Malam. Kuma can cikin raina na daɗe ina zargin kwana bakwan nan taurin kan Baba ne kawai. Na ce to.

Siffar ƙararrawar da kakin zuma na yi ta, bisa curin laka. Na lulluɓe ta da wata lakar da anka cuɗa da kashin jaki, don kada ta tsage, na bar ɗan baki a sama. In ta bushe anka gasa, kakin ya narke ya fita, ya bar gurbinshi, nan tagulla za ta shiga ta zauna. Wanga gefen ban yi ha'inci ba ko kaɗan. Kwanson ne na cuta. Buhu guda da rabi na wanke, sunka fito suna ƙyalli kamar yau anka ƙera su. Na jera, na kai bisa rufi. Wuni ɗaya sunka yi, shi ma rabinshi hadari ne. Na taɓa na sama na ji a bushe. Ƙananan da sunka shige cikin manya kuwa, ban bi su da tsinke ba, don ina sauri.

Ranar zubi ta faɗo ranar kasuwa, da hantsi, gari cike. Mushe ya zo da kujerarshi ya zauna, wai zai ga kimiyya da idonshi. Zubin farko na kwanso ya narke lafiya lau, ya kwanta cikin tukunya ja wur. Na ce a raina, ka gani ko, Baba? Na cika ludayin ƙarfe da sauran kwanson na juye a kai.

Ban ji ƙarar ba, ni dai na gan ni kwance a bakin ƙofa ina kallon sama ta wani rami da babu shi ɗazu a rufin kwano. Mutane ne sunka ba ni labarin ƙarar daga baya. Ruwan da ya ɓuya cikin ƙananan nan ne ya haɗu da narkakkar tagulla. Tukunya ta tarwatse, gawayi ya watse, kwanson da ke faranti ya yi sama ya dinga zubowa bisa rufin maƙwabta, ƙwaram-ƙwaram-ƙwaram. Ku tuna lokacin kowa a tsorace yake, ana ta zancen ƴan bindiga a daji. Wani ya ce, "Sun shigo!" Shi ke nan. Kasuwar Konni ta ce ƙafa mi na ci ban ba ki ba. Mai tsire ya bar tsirenshi, karnuka sunka yi Salla. Ƴan kabu-kabu sunka gudu sunka bar baburansu a kunne. Wani gurgu da ke bara bakin tasha, an rantse mini shi ya riga kowa isa gada. Mushe Salifu kuwa, mai kimiyya, cikin randar da nake kashe ƙarfe anka same shi, tabarau kaɗai ke waje.

Ni gira ɗaya ta tafi, babban yatsan dama ya ƙone, kunnen hagu ya yi sallama. Ina zaune ina lalubar fuskata sai ga jandarma, mota biyu. Ban ga laifinsu ba, ko ni ne haka zan yi. Sun tarar da hayaƙi, sun tarar da kwanso ɗaruruwa a warwatse, wasu kuma a jere bisa faranti, manya gefe ƙanana gefe, a wanke a goge. Sannan ga wani ƙaton curin laka mai ɗan baki a sama. Biyu daga cikinsu sunka ɗauke shi a hankali cikin bargo, suna tafiya kamar masu ɗauke da jinjiri. Ina cewa ƙararrawa ce, ba wanda ya kula ni.

Anka tasa ni gaba har ofishinsu. Kumandansu dogo ne, baƙon garin, ba shi ɗaga murya. Ya aje kwanso ɗaya bisa tebur, shina sheƙi. Ya ce, "Maƙeri, ina da tambaya ɗaya. Mutumin da zai jefa abu a wuta ya narke, don mi zai wanke shi, ya goge shi, ya ware manya da ƙanana, ya jera? Wanda na sani da wanga aiki shi ne mai shirin sake cika su ya sayar wa mutanen daji."

Na ce al'adar maƙerarmu ce. Ya ce al'adar wa? Na ce akwai takarda. Anka je anka tono gwangwanin madara. Ya karanta ya ce, "Kai ne Arzika?" Na ce a'a. Ya ce, "To mai takarda shi zai amsa. In bai gamsar da ni ba, takarda ta mutu, ku biyu kuma sai gaban alƙali." Ya aika mota Tajaye.

Wallahi da a ɗauko tsohon nan gara a bar ni a rufe shekara. Mutumin da ya haura tamanin, bai taɓa taka ƙofar jandarma ba, yau za a ɗauko shi gaban jikokinshi saboda ni. Na zauna a ɗakin da anka kulle ni ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage.

Da la'asar motar ta dawo. Ta taga na hango shi a gidan gaba, ya kishingiɗa, shina cin gyaɗar direba. Anka sauko da shi, anka ba shi kujera ƙarƙashin itacen bedi, anka fito da ni. Bai dubi girar ba, bai dubi yatsan ba. Ya ce, "Shaibu."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Kwana nawa?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Ɗaya."

Ya juya wurin kumandan ya ce, "Ɗana, ko kuna da magagari a nan?" Kumandan bai gane ba. Ni na gane, na dafe kai.

Baba ya yi mishi bayani tiryan-tiryan, na tsamiya, na toka, na hannun amarya. Kumandan ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce baki shina iya faɗin komi, gani ya kori ji. In da gaske ƙararrawa ce cikin lakar nan, a kawo kayan aiki nan farfajiya, a zuba gobe da safe a gabanshi. In ƙararrawa ta fito, magana ta ƙare. Na ji sanyi a raina, na ce gobe war haka ina gida.

Baba ya ce, "Gobe ba ta yiwuwa. Kwanson nan ya sha ƙasa, sai an sake wankewa. In an wanke, shanya kwana bakwai."

Kumandan ya ce, "Baba, ka san kuwa ba ni sakin shi sai an zuba? Kwana bakwan nan a nan zai yi su."

Baba ya ce, "To, ai ba shi da wata tafiya."

Na ce, "Baba, don Allah! Ana iya gasa su bisa gawayi, kafin azahar sun bushe ƙayau!"

Ya ce, "Ana iyawa. Kumandan, akwai tsamiya a garin nan ko in aika Tajaye?"

Haka na yi su, bakwai cif. Da safe a fito da ni in hau rufin garejinsu in jera faranti, da yamma in sauke, a mayar da ni. Da hannun hagu na bi kwanson nan ɗaya bayan ɗaya da tsinke, Baba na zaune ƙarƙashin bedi shina shan shayi da jandarma, shina ba su labarin zamanin da anka fara kawo keke Illela. Kwana biyu sunka fara ce mishi Kaka. Wani ya kawo mishi zoben matarshi ya duba ko azurfa ce, ya ce mishi kada ya tambayi abin da zai hana shi barci. Matata na kawo tuwo kwano biyu, nashi da nama, nawa da wa'azi. Mushe Salifu ya zo sau ɗaya, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce babban nasu ya zo ya tafi, da murfin tukunya anka tara yara. Na juya ga tsinkena, don akwai hukuma a wurin.

A kwana na biyar anka yi yayyafi da rana tsaka. Na kwaso faranti da gudu, ko ɗigo goma bai taɓa su ba. Na dubi Baba, Baba ya dubi sama, ya daɗe shina dubawa. Na ce a raina in tsohon nan ya ce a sake lissafi daga ɗaya, ni da kaina zan roƙi a kai ni gaban alƙali. Can ya ce, "Allah ya so ka."

Ranar zubi duk wanda ba shi bakin aiki ya zo kallo, amma daga nesa, bayan motoci. Ba fanka, Baba ya ce a ɗauko tsohon zuga-zugi. Ya zauna ya kama da kanshi, da hannuwan nan nashi masu rawa, ya ce ni in riƙe awartaki. Tunda nake ban taɓa ganin Baba Arzika shina hura wa wani wuta ba. Kowane ludayi na kwanso sai na ɗumama shi gefen wuta, na leƙa, na sake leƙawa, hannuna na kyarma kafin in juye. Tagulla ta kwanta shiru. Na ɗaga tukunya na zuba ta bakin lakar, siririn zare ja, ba yankewa, har ta cika ta tsaya.

Sai da ta huce munka fasa lakar. Ta fito baƙa, da kunnenta na ratayawa, babu ƙurji ko ɗaya. Na bi ta da magagari, na ɗaure da igiya a reshen bedi. Kumandan ya ɗauki masaba ya buga da kanshi. Da kunne ɗaya na ji ta, amma ta isa. Sai da mai gadin bakin titi ya ƙame.

Kumandan ya yi dariya, karo na farko. Ya shiga ofis da mu, ya fito da takardar, duk ta yi laushi ta dafe. Ya ce magana ta mutu, amma wagga takarda ta tsufa, za a buga sabuwa. Ya ce wa mai rubutu ya sa Arzika. Ni dai na tsaya jikin bango. Na riga na cire rai, abin da nake roƙo kawai kada tsohon ya ce in mayar mishi da masabarshi.

Baba ya ce, "Dakata, ɗana. Sa Shaibu. Shaibu Nomau, na Tajaye."

Kumandan ya ce, "Baba, wanda ya tarwatsa kasuwa?"

Ya ce, "Shi. Shekara goma sha ɗaya ina tambayar masu zuwa daga Konni ko wani abu ya taɓa fashe mishi, suna ce mini a'a, hannunshi da kyau. Hannu mai kyau ba shi isa. Duk abin da na ce, yi yake don tsoron magagari, ni kuwa magagarina ya kusa komawa ga mai shi. Ɗazu na ga hannunshi na rawa bisa tukunya. Yanzu wutar yake tsoro, ba ni ba. A ba shi."

Mai rubutu ya buga sunan, anka danna hatimi. Anka ce in sa hannu. Ban yi lakwal ba, yatsa nake dangwalawa, ga na dama a naɗe da tsumma. Na dangwala na hagu, ya fito a karkace. Ina ɗagowa na ga sunana, ban iya karanta shi ba amma na san tsawonshi bai kai na Baba ba. Ni da furfurata, gaban jandarma shida, na fashe da kuka kamar ɗan yaye.

Baba ya miƙa hannu in tashe shi daga kujera. Ya ce, "Share fuskarka, Maƙeri. Mutane na kallo."

Tun ina ɗan shekara goma sha biyu nake gabanshi, bai taɓa kirana da wanga suna ba sai ranar.